Baƙo a Gidan Mutum Huɗu: Shostakovich da Rukunin Beethoven a 1940

A ranar 23 ga Nuwamba, 1940, mutum biyar suka hau dandamalin ƙaramin zauren babbar makarantar koyon kiɗa ta Mosko domin gabatar da wani sabon aiki a bainar jama'a karo na farko. Huɗu daga cikinsu makaɗan tsirkiya ne, biyu da bayolin, ɗaya da biyola, ɗaya da celo, waɗanda dukkansu dangin goge ne masu tsirkiya huɗu-huɗu da ake gogawa da baka. Na biyar ya zauna gaban fiyano. Shi ne Dmitri Shostakovich, mai shekara 34 a lokacin, kuma shi ya rubuta kiɗan da za su kaɗa, wanda ake kira kwintet na fiyano, wato kiɗan mutum biyar, mai lamba 57 a jerin ayyukansa. Huɗun nan kuwa su ne Rukunin Beethoven: Dmitri Tsyganov a bayolin na farko, Vasily Shirinsky a na biyu, Vadim Borisovsky a biyola, sai Sergei Shirinsky, ɗan'uwan Vasily, a celo.

Haɗa makaɗin fiyano da rukunin masu goge huɗu yana cikin abubuwa mafi wuyar daidaitawa a kiɗan ɗaki na Turai, wato kiɗan da mutane kaɗan suke yi, kowa riƙe da layinsa shi kaɗai, ba tare da madugu ya tsaya gabansu da sanda yana ba su umarni ba. Sau da yawa haɗin yakan ƙare a ɗayan wurare biyu, ko dai fiyano ya danne sauran har su koma 'yan amshi, ko kuma mai fiyano ya ji tsoron danne su ya yi ta raɓe-raɓe har kiɗan ya rasa ƙashin baya. Haɗin 1940 ya tsallake waɗannan ramuka duka, kuma abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne ana iya ganin yadda aka yi, domin mafi yawan dabarar tana nan rubuce a takardar kiɗan, sauran kuma tana cikin faya-fayen da mutanen suka naɗa da hannunsu.

Su wane ne mutanen

Shostakovich makaɗin fiyano ne na gaske tun kafin duniya ta san shi a matsayin mai tsara kiɗa. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa yana ɗan shekara tara, ya kammala karatun fiyano a makarantar kiɗa ta birninsu, wanda daga baya aka raɗa wa suna Leningrad, a 1923 a hannun Leonid Nikolayev, kuma a lokacin da gidansu ya shiga matsi bayan rasuwar mahaifinsa ya yi aikin kaɗa fiyano a gidajen silima, a zamanin da fina-finai ba su da murya. A 1927 yana cikin waɗanda Tarayyar Sobiyet ta tura gasar Chopin ta farko ta makaɗan fiyano a Warsaw, inda ya kai zagayen ƙarshe ya samu takardar yabo, abokinsa Lev Oborin kuma ya zo na ɗaya. Bayan wannan ne ya karkata ga rubutu, ya rage hawa dandamali sai dai in kiɗansa zai kaɗa. Saboda haka mutumin da ya zauna gaban fiyano a ranar ya san abin da yatsu goma za su iya, kuma da ya ga dama ya cika zauren da sauti shi kaɗai, da ya yi.

Su kuwa huɗun, tun farkon shekarun 1920 suke tare, daga lokacin da suka fito daga makarantar kiɗa ta Mosko, kuma a 1931 suka ɗauki sunan Beethoven. Kafin 1940 sun haura shekara 15 ba a canza ko mutum ɗaya ba a cikinsu, haka kuma suka ci gaba har 1964. Wanda bai san wannan sana'a ba zai iya ɗaukar adadin a matsayin tarihi kawai, alhali shi ne rabin lamarin. Rukunin da ya daɗe haka yana da al'adunsa na cikin gida waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba: sun san yadda mai bayolin na farko yake jan numfashi kafin ya sauke baka, sun san wanda yake son ja da baya a ƙarshen jimla da wanda yake son turawa gaba, sun daidaita yadda suke karkaɗa yatsa a kan tsirkiya domin sautin huɗun ya narke ya zama ɗaya. Duk mai fiyanon da ya shigo cikinsu baƙo ne a gidan da kowane kaya yake da wurinsa, komai girman sunansa a waje.

Su ne suka nemi aikin. Shostakovich ya rubuta kiɗansa na farko na masu goge huɗu a 1938, Rukunin Glazunov ya fara kaɗa shi a Leningrad, su kuma mutanen Beethoven suka kawo shi Mosko, ya yi musu daɗi har suka roƙe shi ya rubuta abin da za su kaɗa tare da shi. Ya yi aikin a lokacin zafi na 1940, ya gama a watan Satumba. Amininsa Isaak Glikman ya ruwaito cewa ya gaya masa dalilin sanya fiyano a ciki shi ne don rukunan biyu su daina tafiye-tafiyen wasa ba tare da shi ba, shi ma ya samu ya ga gari. Ko da cikin raha aka faɗi maganar, tana nuna abu ɗaya mai muhimmanci, wato ya rubuta rabon fiyano yana sane da cewa shi da kansa zai zauna ya kaɗa shi, dare bayan dare, tare da mutanen da zai haɗa ido da su bayan an gama.

Ba a cikin kwanciyar hankali aka yi wannan ba. A Janairun 1936 jaridar Pravda ta jam'iyya mai mulki ta yi wa wasan operarsa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, kaca-kaca, abin da a wancan zamani yakan iya kai mutum kurkuku ko kabari. Marshal Tukhachevsky, wanda yake tsaya masa, an harbe shi a 1937, sannan Vsevolod Meyerhold, daraktan wasan kwaikwayo da ya yi aiki da shi, an kama shi a 1939 aka kashe shi a Fabrairun 1940. Simfoninsa na biyar, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, ya dawo masa da martaba a 1937, amma duk sabon aikin da ya fitar jarrabawa ce, kuma duk wanda ya hau dandamali tare da shi ya sa kansa cikin jarrabawar.

Inda matsalar take

Fiyano da goge ba iri ɗaya suke samar da sauti ba, kuma daga nan kusan duk wahalar ta samo asali. Fiyano yana da maɓallai 88, kowane maɓalli idan aka danna shi yakan harba 'yar guduma mai lulluɓe da ulu ta doki wayoyin ƙarfe, waɗanda yawansu ya haura 200. Sautin yakan fito da cikakken ƙarfinsa a daidai lokacin dukan, daga nan sai ya fara mutuwa, kuma babu abin da makaɗi zai iya yi ya ƙara masa ƙarfi bayan gudumar ta koma. Baka kuwa akasin haka yake. Yakan ɗauki ɗan lokaci kafin gashinsa ya kama tsirkiya ta fara magana, musamman tsirkiya mai kauri ta celo, amma da zarar ta fara, makaɗi yana iya riƙe sautin, ya kumbura shi, ya sauya masa launi, ya sassauta shi har ya ɓace. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan mutum biyar suka motsa hannu a lokaci guda daidai, ba za a ji su tare ba, fiyano ne zai riga kowa. Dole ne mai fiyano ya koyi jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya riƙa kallon hannun mai baka yana jiran lokacin da tsirkiya za ta amsa, su kuma su ɗan ƙara cizo a farkon sautinsu domin su cim masa.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya, ita ce ta saitin sauti. Fiyano ana saita shi ne kafin wasa, a raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama zuwa matakai 12 masu faɗi ɗaya, kuma da zarar mai saiti ya tafi da kayansa, makaɗi ba shi da ikon gyara komai. Wannan rabon daidai-wa-daida sulhu ne, domin yana ba fiyano damar shiga kowane mazaunin kiɗa, amma kusan kowace tazara a cikinsa ta ɗan kauce daga inda kunne ya fi so. Idan aka raba mataki ɗaya gida 100, tazarar da ake kira ta biyar a fiyano ta gaza tsarkakakkiyar da kusan 2, babbar tazara ta uku kuwa ta wuce da kusan 14. Masu goge ba su da wannan tarnaƙi, saboda wuyan kayansu ba shi da tsaga, yatsa yana iya matsawa kaɗan sama ko ƙasa, kuma rukunin da ya ƙware yakan shafe shekaru yana neman wurin da sautuka uku ko huɗu za su haɗu su tsaya cak ba tare da rawa ba. Wannan shi ne abin alfaharinsu, kuma shi ne abu na farko da dole su sassauta idan fiyano ya shigo.

Ana iya ganin abin kusa-kusa tun kafin a fara wasa. A kiɗan Turai da haruffa ake kiran sautuka. Mai fiyano yakan buga sautin A, sau da yawa tare da wasu sautuka a ƙarƙashinsa don kunne ya samu madogara, kowa ya saita tsirkiyarsa ta A a kansa. Mai celo da mai biyola daga nan sukan gangara, daga A zuwa D, daga D zuwa G, daga G zuwa C, kuma idan suka bi kunnensu suka yi kowace tazara tsarkakakkiya, kafin su kai C ta ƙasa sun sauka ƙasa da C ta fiyano da kusan 6 cikin 100 na mataki. Kaɗan ne a lissafi, amma a wuri mai shiru inda celo ya riƙe buɗaɗɗiyar tsirkiya fiyano kuma ya buga sauti guda, ana jin su suna gugar juna. Don haka ƙwararru sukan ɗan ɗaga G da C su gwada su da fiyano kafin a fara. Kwintet ɗin Shostakovich yana zaune ne a kan G, ya fara a cikinta ya ƙare a cikinta, saboda haka wannan ɗan gyara ba na ado ba ne a wurinsa.

Sai ƙarfi. Babban fiyano na zauren wasa ya kusa mita uku a tsawo, an kuma ƙera shi ne don ya yi gogayya da ƙungiyar makaɗa mai mutum 80 ko fiye, alhali kayan goge ba su sauya sosai ba tun ƙarni na 19. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakiya da ƙasa, inda hannun hagu na mai fiyano yake yawo a fili ɗaya da biyola da celo. Idan ya ƙara da taka feda ta dama, wadda take sakin dukkan wayoyi su yi ta amo, sai sautin ya zama hazo ya rufe su. Wasu sukan nemi magani ta hanyar rage buɗin murfin fiyano, amma makaɗa da yawa suna ganin wannan yana dushe sautin ne fiye da rage shi, kuma ni ma ra'ayina ke nan: maganin yana cikin yatsa da ƙafa, murfi ba ya iya yin aikin kunne.

Akwai kuma wani rashin daidaito na ilimi wanda ba a cika maganarsa ba. Bisa al'ada kowane mai goge layinsa kaɗai ke gabansa, amma mai fiyano yana karanta takardar da ta ƙunshi layukan kowa, shi ya sa ma ake zaunar da wani a gefensa don ya riƙa buɗa masa shafi. Shi ne kaɗai yake ganin dukkan ginin a lokaci guda, kuma wannan yakan jarabce shi ya mai da kansa madugu, a gidan da tun kafin zuwansa yana da tsarin shugabancinsa.

Waɗanda suka gabace shi sun yi fama da wannan. Robert Schumann ne ya kafa wannan haɗi da ƙarfi a 1842, da kwintet ɗin da matarsa Clara ta kaɗa a bainar jama'a a Leipzig a Janairun 1843, kuma a cikinsa fiyano kusan ba ya hutawa, sau da yawa yana ninka abin da masu goge suke faɗa. Johannes Brahms sai da ya rubuta nasa sau uku, da farko ga masu goge biyar, sannan ga fiyano biyu, kafin a 1864 ya haɗa fiyano ɗaya da goge huɗu. César Franck da Antonín Dvořák sun bi sahu, a Rasha kuma Sergei Taneyev ya rubuta nasa mai nauyi da faɗi, shi ma a kan G. Dukkansu manyan ayyuka ne, amma a yawancinsu nauyin hana fiyano danne sauran yana wuyan makaɗi, shi ne zai yi ta rage abin da takarda ta cika.

Abin da ya rubuta

Shostakovich ya ɗauke wannan nauyi daga wuyan makaɗi ya mai da shi cikin rubutun kansa. Duk wanda ya buɗe takardar kwintet ɗin, abu na farko da zai lura da shi shi ne yawan farin fili a rabon fiyano. A wurare da dama hannu biyu suna tafiya da layi ɗaya ko biyu kacal, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, an bar tsakiya a buɗe, kuma tsakiyar nan ita ce mazaunin bayolin na biyu da biyola da saman celo. Abu na biyu shi ne ba kasafai mutum biyar suke magana a lokaci ɗaya ba. Ya rarraba su bibbiyu da uku-uku, wani lokaci huɗun su kaɗai, wani lokaci fiyano shi kaɗai, ya ajiye haɗuwar kowa da kowa sai inda kiɗan ya kai ƙololuwa. Aikin yana da babi biyar, yana ɗaukar kimanin rabin sa'a ko ɗan fiye, na farko yana shiga na biyu ba tare da tsayawa ba, haka na huɗu yana shiga na biyar, na uku kuma yana tsaye a tsakiya shi kaɗai.

Babin farko fiyano ne yake buɗe shi shi kaɗai, da ƙarfi da faɗi, kamar mai sallama a ƙofa da cikakkiyar murya. Bayan ya faɗi tasa sai masu goge su amsa gaba ɗaya, celo yana can sama a wurin da muryarsa take da zafi. Tun daga nan an nuna ɓangarori biyu ne, kowa da martabarsa. Ba a jima ba sai kiɗan ya sauƙaƙa, fiyano ya shiga zance mara nauyi da biyola, wadda ita ce aka fi saurin rasa muryarta a irin wannan haɗi. Zaɓen biyola a matsayin abokiyar hira ta farko yana tilasta wa mai fiyano ya sauke murya tun da wuri, domin idan bai sauke ba babu wanda zai ji abokiyar zancen tasa.

Babi na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne nake ganin lamarin ya fi bayyana. Fuga ce mai tafiyar hawainiya, wato irin ginin da murya ɗaya take fara kawo jigo, sai ta biyu ta ɗauka yayin da ta farko take ci gaba, haka har kowa ya shigo. Bayolin na farko ne yake farawa shi kaɗai, an sa masa ɗan takunkumi a kan gadar tsirkiya don sautin ya dushe, sauran ukun suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, su ma da takunkumi. Duk wannan lokaci mai fiyano yana zaune hannuwansa a cinya. Mutumin da ya rubuta kiɗan, wanda jama'a suka cika zaure domin su gani, ya hana kansa magana na tsawon mintuna, ya bar masu gida su gina abin da suka fi kowa iyawa, wato sauti huɗu masu narkewa cikin juna bisa saitin kunnensu, babu wata wayar ƙarfe da za ta saɓa musu. Sa'ad da ya shigo kuwa, can ƙasa ya shigo, a hankali, da jigon da kowa ya riga ya faɗa, a matsayin murya ta biyar a layi. Ba na jin akwai wata shiga da ta fi wannan wuya ga mai fiyano a dukkan aikin, duk da cewa yaron da ya yi shekara biyu yana koyo zai iya danna maɓallan. Wuyar ita ce ya sa guduma ta yi sauti irin na baka mai takunkumi, ya kuma karɓi takun da wasu suka kafa ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Daga nan fugar takan hau har ta kai wani wuri mai zafi, sannan ta sauka ta koma shirun da ta fito daga ciki. Ita ce babi mafi tsawo, tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin.

Babi na uku ya saki linzami. Kiɗa ne mai sauri da kaushi, fiyano yana can sama yana buga sauti mai ƙara kamar gilashi, masu goge suna sara da baka a ƙarƙashinsa. A nan dabarar ta juya: maimakon fiyano ya kwaikwayi goge, su ne suka koma masu duka irin nasa, kuma saboda ya hau sama ya bar musu ƙasa, duk ƙarar da ake yi ba ta binne kowa.

Babi na huɗu yana farawa da mutum biyu kawai, bayolin na farko yana jan doguwar waƙa, celo kuma yana taku a ƙarƙashinsa ta hanyar tsinkar tsirkiya da yatsa. Sautin tsirkiyar da aka tsinka yana fitowa ne ya mutu nan take, daidai irin na fiyano, saboda haka sa'ad da fiyano ya karɓi takun daga baya, kunne ya riga ya saba, ba a jin an sauya hannu da ƙarfi. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma yana nuna mutumin da ya zauna ya yi tunanin inda kayan biyu suke kama da juna, ya gina gada a daidai wurin. Daga nan kiɗan yakan zame cikin babi na ƙarshe, wanda fiyano yake buɗewa cikin sauƙi, kuma aikin yana ƙarewa a hankali, ba da tsawar da aka saba rufe irin waɗannan manyan ayyuka da ita ba.

A kan dandamali

Takarda ba ta gama komai ba. Mutum biyar ɗin sun naɗi aikin a faifai a 1940, suka sake naɗa a 1955, kuma wanda ya saurara zai ji cewa Shostakovich makaɗi ne mai busasshen sauti, mai ƙarancin feda, wanda ba ya yi wa jimla kwalliya, kuma mai son sauri. An san shi da wannan hali na turawa gaba, musamman a wurare masu zafi. Ga rukuni, wannan yanayi ne mai sarƙaƙiya. Da wani mai fiyano ne daban, mai bayolin na farko yana iya nuna masa takarda ya ce ga abin da aka rubuta, amma yaya za a yi da wanda shi ne ya rubuta takardar? Abin da ake ji a faya-fayen shi ne ba su yi jayayya da takunsa ba, kuma ba su zube a ƙarƙashinsa ba. Sun bi shi a inda yake gudu, sun riƙe nauyin sautinsu a inda kiɗan yake nasu. Busasshen bugunsa ma ya zame musu alheri, domin fiyanon da ba a cika masa feda ba yana barin iska tsakanin sautuka, ta cikin wannan iska ake jin biyola da celo.

Jama'a sun karɓi aikin hannu bibbiyu. Ya zama al'ada a nemi a maimaita babi na uku da na ƙarshe, har aka riƙa cewa aiki ne mai babi biyar waɗanda bakwai ne. A 1941, a karon farko da aka raba Kyautar Stalin, kwintet ɗin ya samu daraja ta ɗaya, wadda kuɗinta rubul 100,000 ne. Amma ba kowa ya gamsu ba. An ruwaito cewa Sergei Prokofiev, shi ma babban mai tsara kiɗa, ya yi mamakin yadda matashi mai ƙarfi haka ya auna kowace ƙwayar sauti, bai yi kasada ko sau ɗaya ba. Sukar tana da tushe, domin a shekarun da kuskure ɗaya yake iya halaka mutum, taka-tsantsan ba abin mamaki ba ne, kuma babu shakka tsabtar ginin aikin ta taimaka wajen samun karɓuwa a wurin hukuma. Duk da haka ina ganin Prokofiev ya nemi kasada a inda ba ta nan. Mai fiyanon da ya cika takarda da sautuka yana da wurin ɓuya, kuskure ɗaya yakan nitse cikin ɗari. Wanda ya bar wa kansa layi ɗaya tsirara a kan goge huɗu masu takunkumi ba shi da mafaka, kuma ya miƙa rabon nasarar daren ga wasu mutum huɗu, a ƙasar da amincewa da mutum huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya biyo baya

Wata bakwai bayan wasan farko, a 22 ga Yuni, 1941, Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet. Shostakovich ya bar Leningrad da aka yi wa ƙawanya, daga baya ya zauna a Mosko daga 1943, gari ɗaya da rukunin. A Nuwamban 1944 ya kaɗa sabon kiɗansa na mutum uku tare da Tsyganov da Sergei Shirinsky a Leningrad, a taron da rukunin ya gabatar da kiɗansa na biyu na masu goge huɗu. Daga nan abin ya zama ɗabi'a, yakan fara kaɗa musu sabon aiki a fiyano, ya halarci gwajinsu, sannan su fitar da shi. Cikin kiɗa 15 da ya rubuta wa masu goge huɗu, su ne suka fara kaɗa 13, daga na biyu zuwa na 14. Kwintet ɗin kuma ya fita daga hannunsu ya shiga duniya, shi kansa ya kaɗa shi da wasu rukunai, ciki har da Rukunin Borodin, waɗanda daga baya suka yi shi da makaɗin fiyano Sviatoslav Richter.

Bai sake rubuta wani kwintet na fiyano ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 hannunsa na dama ya fara rauni, hawa dandamali ya yi ta yi masa wuya. A 1964 Borisovsky ya ajiye aiki, ɗalibinsa Fyodor Druzhinin ya gaje shi, a 1965 kuma Vasily Shirinsky ya rasu. Shostakovich ya bi mutanen huɗu ɗaya bayan ɗaya da sadaukarwa: kiɗa na 11 don tunawa da Vasily, na 12 ga Tsyganov, na 13 ga Borisovsky, na 14 ga Sergei Shirinsky, kuma a cikin uku na ƙarshen ya ba kayan kiɗan mai sunan babban rabo. A ranar 28 ga Mayu, 1966, a Leningrad, rukunin ya gabatar da na 11, a taron da Shostakovich ya zauna gaban fiyano a bainar jama'a karo na ƙarshe yana raka mawaƙa, kuma bayan wasan ne ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Na 15 ma su ya ba. Suna cikin shirya shi a Oktoban 1974 Sergei Shirinsky ya rasu, sai Rukunin Taneyev ya gabatar da shi a Leningrad a watan Nuwamba. Shostakovich ya rasu a Agustan 1975, aikinsa na ƙarshe kuwa kiɗa ne na biyola da fiyano, wanda ya sadaukar ga Druzhinin.